Daimon ɗin masana'anta: yadda ake auna shi, da abin da takardarsa ba ta faɗa

Tun ranar 1 ga Oktoban 2025, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, wadda aka fi sani da GIA, ta daina bai wa daimon ɗin da ake haɗawa a masana'anta irin makin da take bai wa wanda aka haƙo daga ƙasa. A da, kowane dutse sai ta rubuta masa harafin launinsa da matakin tsabtarsa dalla-dalla. Yanzu gida biyu kacal ta ware wa na haɗi: na sama, wanda take rubuta wa "premium", da mai bi masa, "standard". Dutsen da bai kai ko ɗaya ba, sai a mayar wa mai shi ba maki. Wato cibiyar da ta ƙirƙiro ma'aunin da duk duniya ke aiki da shi, ita ce da bakinta ta ce ma'aunin bai dace da wannan kayan ba.

Wani a Bauchi zai ce ina ruwan biri da gada, mu nan gwal muka sani. Haka ne, amma kayan sun riga sun iso mu. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Saudiyya da Indiya da Sin suna dawowa da zobba da 'yan kunne masu fararen duwatsu, masu talla a Instagram da WhatsApp suna ɗora hotunansu, kuma sun fara shiga akwatunan lefe na masu hali. Duk wanda ya kawo, hujjarsa ɗaya ce: ga satifiket. Da zarar an miƙo takarda mai hatimi da haruffan Turanci, bakin mai saye ya mutu. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne, takardar tana iya zama ta gaskiya, duk abin da ke cikinta daidai, amma mai saye ya fahimci abin da ba ta faɗa ba.

Daimon ɗin masana'anta ba jabu ba ne, wannan ya kamata a fara cirewa a rai. Sinadarin kabon ne zalla, irin wanda ke cikin gawayi, amma ƙwayoyinsa sun jeru a tsari ɗaya da na dutsen ƙasa. Taurinsu ɗaya, 10 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, babu wani dutse da ya kai nan. Yadda suke karya haske ɗaya, nauyinsu ɗaya. A 2018 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta cire sharaɗin cewa sai dutse ya fito daga ƙasa kafin a kira shi daimon, amma ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana cewa na haɗi ne. Kamar tarwaɗar da aka kiwata a tankin bayan gida ce da wadda masunci ya kamo a madatsar Gubi: duka tarwaɗa ce, babu mai musu, amma wanda ya sayar maka da ta tanki da sunan ta madatsa ya cuce ka.

Na ƙasa ya samu ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200, mafi yawansa shekara biliyan 1 zuwa 3 da suka wuce, aman wuta ya turo shi sama. Na haɗi kuwa makonni ne. A Disamban 1954 masana a kamfanin General Electric suka yi nasarar haɗa shi, ƙanana kamar tsakuwar yashi, waɗanda ba su da amfani sai a masana'antu. Har gobe yawancin daimon ɗin da ake haɗawa a duniya can yake tafiya. Faifan nan da mai sa tayil ke yanka da shi a gine-ginen da ke tashi a hanyar Jos ko ta Ningi, burbushin daimon ɗin haɗi ne a bakinsa. Wanda ya isa a sa a zobe ya samu tun farkon shekarun 1970, sai dai tsadar haɗa shi ta hana shi shiga kasuwa sosai sai a 'yan shekarun nan.

Hanya biyu ake bi, kuma dole mai son karanta takarda ya san su, don kowacce da irin tabon da take bari. Ta farko ana ce mata HPHT, matsi da zafi ke nan. Ana sa ɗan ƙaramin irin daimon a cikin wani ƙaton injin matsi, tare da kabon da narkakken ƙarfe, galibi haɗin baƙin ƙarfe da nikel ko kobal, a zafin digiri 1,300 zuwa 1,600 da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau dubu 50 ko fiye. Kabon ya narke a cikin ƙarfen, ya riƙa taruwa a jikin irin. Lardin Henan na ƙasar Sin ne cibiyar wannan. Ta biyu, CVD, ba ta buƙatar wannan matsin. Ana shimfiɗa siraran faifan iri a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, a sako iskar methen da haidirojin, a kunna musu wutar maikirowef har iskar ta tarwatse, kabon ɗin da ke cikinta ya riƙa sauka a kan faifan, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Birnin Surat na jihar Gujarat a Indiya, inda dama can ake yanke mafi yawan daimon ɗin duniya, ya rungumi wannan hanyar hannu biyu. Dutse mai karat 7.5 da Firaminista Narendra Modi ya bai wa uwargidan shugaban Amurka na lokacin, Jill Biden, a Yunin 2023, na haɗi ne, daga can aka yi shi.

Shi ma'aunin, abu huɗu yake dubawa: nauyi, launi, tsabta da yanka. Robert Shipley, wanda ya kafa GIA a 1931, shi ya yayata haɗa su huɗun, sannan a 1953, a ƙarƙashin Richard Liddicoat, cibiyar ta fito da matakan launi da na tsabta da ake bi har yau.

Nauyi ba shi da gardama, sikeli ne ke magana. Karat ɗaya miligiram 200 ne, wato karat biyar ne giram ɗaya, kuma ana raba shi maki 100, don haka 0.50 a takarda rabin karat ke nan. Kada a haɗa shi da karat ɗin gwal, 18 ko 21 ko 22, wanda ke nuna yawan zinariyar da ke cikin haɗin. Na daimon nauyi ne kawai.

Launi kuwa, rashinsa ake nema. Ma'aunin ya fara daga D, wanda ba shi da launi ko kaɗan, ya gangara har Z, inda rawaya ko ruwan ƙasa ya fito fili. An fara daga D ne don a kauce wa tsofaffin ma'aunan 'yan kasuwa da suka riga suka ɓata A da B da C da zuzuta kaya. D da E da F su ne marasa launi, G zuwa J kusa da haka, daga K ido ya fara kama ɗan rawaya. Mai awo yana kifa dutsen ne a kan farin faranti, tsininsa a sama, a ƙarƙashin fitila ta musamman, ya duba shi ta gefe yana gwada shi da wasu duwatsun da aka riga aka san matakinsu. Kifa shi ake yi don kada walƙiyar fuskarsa ta ruɗi ido. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ƙanƙantar bambancin: idan sai an kife dutse, an ajiye ɗan'uwansa a gefe, ƙwararre ya zura ido, kafin a raba D da F, to babu wata ƙawar amarya da za ta raba su a yatsa a wajen kamu.

A dutsen ƙasa, naitirojin ne ke kawo rawaya, kuma kusan duka suna da shi. Wanda ba shi da naitirojin da za a iya aunawa, wanda masana ke kira nau'in IIa, bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na abin da ake haƙowa ba. Shi ya sa D na ƙasa yake da tsadar da yake da ita, samunsa sai an tona. Amma mai masana'anta shi ke riƙe da ƙofar tukunyarsa. In ya hana naitirojin shiga, ya gama. Kusan duk farin daimon ɗin haɗi nau'in IIa ne. Abin da ke da wuyar samu a ƙasa shi ne abin yau da kullum a masana'anta.

Sai dai na haɗi yana da nasa ciwon launin da harafin ba ya bayyanawa sosai. Na HPHT kan ɗauki ɗan sinadarin boron, sai ya yi wani shuɗi-shuɗi. Na CVD, musamman in an gaggauta girmansa, yakan fito ruwan ƙasa ko toka-toka, sai a sake kai shi injin matsi da zafi don a wanke launin. Wannan gyaran ba ya komawa, kuma ba laifi ba ne, amma takarda ta gari tana faɗa a wajen ƙarin bayani, can ƙasa, ko dutsen yana nan yadda ya girma ko an yi masa gyara bayan girma. Mutane da yawa ba sa karanta wannan layin. Duwatsu biyu na iya samun F a takarda, ɗaya fari tas, ɗayan kuma in ka ɗora shi a kan farar takarda a inuwa da rana, sai ka ga kamar an shafa masa toka. Harafi ya faɗi yawan launin, bai faɗi ko launin ya yi wa ido daɗi ba.

Tsabta ana duba ta ne da gilashin da ke ƙara girma sau 10, ba fiye ba. Abin da bai bayyana a nan ba, ba a lissafa shi. Matakan 11 ne, daga FL, wanda ba tabo ciki da waje, sai IF, wanda ba tabo a ciki, sai VVS1 da VVS2 masu ɗigon da ƙwararre ma sai ya sha wuya kafin ya gani, sai VS1 da VS2, sai SI1 da SI2, har zuwa I1 da I2 da I3 inda ido tsirara ke ganin aibin. Ana la'akari da girman tabon, da yawansa, da inda ya zauna, don ɗigo a tsakiyar fuska ya fi na gefe illa. A na ƙasa, tabon wasu ma'adinai ne da suka maƙale a ciki tun asali, ko 'yan tsage-tsage. A na HPHT, guntun ƙarfen da aka narka ne, baƙi, wani lokaci kamar tsinken allura, kuma in ya yi yawa har maganaɗisu mai ƙarfi na iya jan dutsen. A na CVD, baƙaƙen ɗigo ne na kabon ɗin da bai zama daimon ba, da kuma wasu layuka da ke fitowa in an tsayar da injin an sake kunnawa. Waɗannan layukan na iya sa dutse ya yi hazo-hazo alhali makinsa na tsabta yana sama. A aikace, daga VS2 zuwa sama ido ba ya ganin komai. Wanda ya ƙara kuɗi don ya tashi daga VS1 zuwa VVS1, abin da ya saya ba zai taɓa ganinsa ba sai da gilashi.

Yanka ne wurin da ya cancanci a tsaya, don shi kaɗai ne a cikin huɗun yake aikin hannun mutum, kuma shi ne ke sa dutse ya yi wuta ko ya mutu. Ɗanyen daimon ba shi da wani kyau, kamar guntun alif yake ko fasasshiyar kwalba. Mai yanka ne ke fitar masa da fuskoki, 57 ko 58 a mai siffar da'ira, kowace a kusurwarta. Haske ya shiga ta sama, ya bugi bangon ƙasa na wannan gefe, ya tsallaka ya bugi na wancan, ya dawo sama zuwa idon mai kallo. A 1919 Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daimon a Antwerp ta Beljiyam, ya lissafa kusurwoyin da suka fi dawo da haske: wajen digiri 34.5 a sama, 40.75 a ƙasa. Kuskuren digiri ɗaya ko biyu a ƙasan ya isa ya ɓata aikin. In ƙasan ya yi zurfi da yawa, haske ya zube ta gefe, tsakiyar dutsen ta yi duhu. In ya yi faɗi ba zurfi, sai wani zobe mai hazo ya fito a ciki, dutsen ya zama kamar gilashi.

GIA ta fara bai wa yanka maki a 2006, matakai biyar, kuma ga mai da'ira kawai. Mai siffar ƙwai, ko ta ɗigon ruwa, ko mai kusurwa huɗu, ba ta ba shi makin yanka na gaba ɗaya, sai na gogewa da na daidaiton fuskoki. Masu siffar ƙwai ɗin nan da 'yan mata ke so yanzu, da yawansu suna da wata baƙar inuwa da ta ratsa tsakiya, kuma ba za ka same ta a takarda ba, sai ka juya dutsen a hannu. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da takarda ke tonawa ga wanda ya iya karatunta. Dutse mai da'ira na karat ɗaya da aka yanka daidai, faɗinsa kusan milimita 6.4 zuwa 6.5 ne. In ka ga karat ɗaya amma faɗin 6.1, to an ɓoye nauyin a ƙugu da gindi, inda ba a gani. Ka biya kuɗin karat ɗaya, idonka na ganin ƙasa da haka. Mai yankan dutsen ƙasa yana da ɗan uzuri, don ɗanyen yana da tsada, kowane burbushi da ya zubar kuɗi ne. Mai yankan na haɗi ba shi da wannan uzurin. Saboda haka ni a ganina, daimon ɗin masana'anta da yankansa bai kai matakin ƙoli ba, babu dalilin sayensa ko da an rage kuɗi, tunda masu kyan suna nan jibge.

Idan aka haɗa waɗannan, za a gane abin da ya sa GIA ta yi ta kai-kawo. Ta fara karɓar na haɗi a 2007, tana ba shi bayani na jimla ba harafi ba. A 2020 ta koma ba shi cikakken maki irin na ƙasa. A 2025 ta janye, tana cewa sama da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ke shiga kasuwa sun taru ne a ɗan ƙaramin fili na launi da tsabta, don haka doguwar matakala ba ta da amfani a kansu. A sabon tsarin, kafin dutse ya shiga gidan sama sai ya kasance D, tsabtarsa VVS ko fiye, gogewa da daidaito da yanka duk a ƙoli. Gida na biyu ya ɗauki E zuwa J, da tsabtar VS, da yankan da ke bin na ƙoli. Ita kuwa IGI, wata cibiyar awon da aka kafa a Antwerp a 1975, ta fara auna na haɗi tun 2005, kuma takardunta ne suka fi yawa a kasuwar, ta ce tana nan a kan tsohon ma'auni. Don haka yawancin takardun da za su iso hannunmu a Bauchi na IGI ne, da D ɗinsu da VVS ɗinsu.

Wa ya fi gaskiya? Hujjar GIA tana da ƙarfi. An gina matakan D zuwa Z ne don a auna ƙarancin abu, a san wanda ya fi wuyar samu a biya shi daidai. In mutum na iya yin D a duk lokacin da ya so, harafin ya daina nuna ƙaranci, ya koma nuna cewa injin yana aiki lafiya. Amma ba zan ɓoye ba, raba ma'aunin ya yi wa masu haƙar ƙasa daɗi, don sun daɗe suna so a daina jera kayansu da na haɗi a layi ɗaya. Kuma abin ya shafi 'yan'uwanmu a nahiyar nan: Botswana, wadda mafi yawan kuɗin da take samu daga waje na daimon ne, tana ji a jikinta. Ita ma IGI cinikinta ya dogara ƙwarai da na haɗi. Kowa da inda yake cin tuwo. Kada kuma a manta cewa mai kaya ne ke biyan kuɗin awo, ba mai saye ba, kuma launi da tsabta hukuncin idon mutum ne. A tsakanin cibiya da cibiya, bambancin mataki ɗaya abu ne da 'yan kasuwar suka saba da shi.

Abin da babu takardar da ke rubutawa shi ne daraja. Kamfanin De Beers, wanda ya fi kowa suna a daimon ɗin ƙasa, ya buɗe reshen na haɗi mai suna Lightbox a 2018, yana sayar da karat ɗaya dala 800, kuma da gangan ya ƙi ba su takardar maki, yana cewa kayan da ake bugawa da yawa ba sa buƙatarta. A 2024 ya sauko zuwa dala 500. A Mayun 2025 ya sanar da rufe reshen, ya ce farashin sari ya faɗi da kashi 90 cikin 100 tun da ya fara. Dutsen da aka saya a 2018 yana nan yadda yake, D ɗinsa bai canza ba, ba zai dushe ba har jikoki. Kuɗinsa ne ya narke, don kowace shekara ana ƙara injuna.

Nan ne abin ya taɓa mu kai tsaye, domin a wajen matanmu kayan ƙawa ajiya ne. Mace ta sa gwal ɗinta a biki, in kuɗin makaranta ya taso ko jinya ko kujerar Makka, ta kai kasuwa. Na ga yadda ta kaya a wani shagon gwal a cikin gari. Wata baiwar Allah ta warware ƙullin hankici, ta fito da zobe mai farin dutse, ta ajiye takardarsa a gefe cikin leda. Mai shagon ya goga gefen zoben a kan baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen, ya jira, sannan ya ɗora shi a sikeli.

"Hajiya, gwal ɗin 18 ne, zan saya. Dutsen sai dai in cire miki ki tafi da abinki."

"Haba Alhaji, ai dutsen ne kuɗin. Ga takardarsa nan, daga Dubai aka kawo min."

Ya ɗauki takardar da hannu biyu, ya duba, ya mayar mata. "Ranki ya daɗe, ban ce ƙarya ba ce. Amma ni in na saya, wa zan sayar wa? Gwal ko ya karye narka shi zan yi. Wannan fa?"

Ba zaluntarta ya yi ba. Gwal yana da farashin giram da kowa ya sani a kowace rana, daga Bauchi har Landan. Daimon ba shi da irin wannan, ko na ƙasa ne, mai sayarwa yakan yi asara mai yawa, balle a garin da ba kasuwarsa. Na haɗi kuwa ya fi muni, don dillali zai iya samo sabo da takardarsa a ƙasa da abin da aka saya bara. Duk wadda ke son farin dutse don kyansa, ta saya, ta more, kuma gaskiya na haɗi ya ba masu matsakaicin hali abin da da sai sarakuna da attajirai. Amma kuɗin da aka ware don ajiya, a bar shi a gwal. Mai haɗa lefe ma ya san cewa abin da ya zuba a dutsen ado ne ya saya wa amarya, ba jari ba.

Saura batun gane wanne ne wanne, inda algus ya fi samun ƙofa. Ɗan alƙalamin gwajin nan mai ƙara da ake dangwala wa dutse, gudun zafi yake aunawa. Zai yi ƙara a kan na ƙasa, zai yi a kan na haɗi, don duka daimon ne. Yawancinsu ma suna yi a kan moisanait, wanda ba daimon ba ne sam, haɗin silikon da kabon ne mai taurin 9.25, kuma ya cika kasuwannin intanet, sau da yawa da wata takarda mai haruffa uku da aka tsara don ta yi kama da ta manyan cibiyoyi. Moisanait yana raba haske biyu, don haka in ka leƙa ta gefen fuskarsa da gilashi za ka ga layukan ƙasansa sun zama bibbiyu, kuma walƙiyarsa ta fi yawan launuka. Akwai alƙalamin da ke ƙara gwajin lantarki don kama shi, sai dai shi ma yakan yi wa daimon ɗin HPHT mai boron ƙazafi, don boron na sa dutse ya ɗauki lantarki. Zirkoniya kuwa, wani dutsen kwaikwayo da ke kan yawancin 'yan kunnen ado masu araha, ba ta wuce ko gwajin farko, ga ta da nauyi fiye da daimon nesa ba kusa ba.

Raba na ƙasa da na haɗi sai manyan na'urori, waɗanda ba a shagon gwal ake samunsu ba. Da farko a duba naitirojin: in babu, dutsen ya shiga zargi. Sannan a haska shi da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, a na'ura irin DiamondView ta De Beers, sai tsarin girmansa ya bayyana. Na ƙasa ya girma ne a siffa mai fuska takwas, na HPHT yana nuna wani zane kamar gicciye, na CVD kuma layi-layi. Wasu na HPHT ma sukan ci gaba da haske na ɗan lokaci bayan an kashe fitilar.

Abin da mai saye zai iya yi da kansa shi ne ya nemi rubutun da ke ƙugun dutsen. Cibiyoyin awo suna zana lambar takardar da hasken lesa a wannan siririn gefen da ya raba sama da ƙasa, tare da alamar cewa na haɗi ne. A na IGI lambar kan fara da LG. Ido ba ya ganinta. Da gilashi mai ƙara girma sau 10 za ka hango ta kamar sawun tururuwa, da mai sau 20 ko fiye ka karanta ta sosai, sai dai wani lokaci ƙafar zoben da ke riƙe da dutsen kan rufe ta. A shigar da lambar a shafin intanet na cibiyar, ba ta adireshin intanet ɗin da mai kaya ya turo ba, a ga ko nauyi da faɗi da zurfin da suka fito sun yi daidai da dutsen da ke hannu. Wannan matakin na ƙarshe ba ƙari ba ne, don cibiyoyin da kansu sun sha ba da sanarwar kama duwatsun haɗi da aka zana wa lambar wani dutsen ƙasa mai kusan girmansu. Ga 'yan kasuwarmu kuma, Musulunci bai bar wurin fakewa ba: ɓoye abin da in mai saye ya sani zai rage kuɗi ko ya fasa, algus ne, ko da ba a furta ƙarya ba. Cewa "daimon ne na gaske" a yi shiru a nan, alhali an san mai saye na ƙasa yake zato, yana cikin wannan.

Duk wannan bayanin a kan babban dutse guda ne. Amma abin da ya fi shigowa garin nan sarƙoƙi ne da awarwaro da aka jera wa ƙananan duwatsu goma-goma, kowanne bai kai kan ashana ba. Irin waɗannan ba a ba su takarda ɗaya-ɗaya, ba a zana musu lamba, sabon tsarin GIA ma ba ya karɓar abin da bai kai karat 0.15 ba. A buhu ake sayensu, kuma a nan ne aka fi samun cakuɗa na ƙasa da na haɗi. A irin wannan kayan, shaidar da mai saye zai iya riƙewa ita ce rasiɗin shago, don haka sai a sa mai shagon ya rubuta a kai da hannunsa nauyin gwal ɗin shi kaɗai ba duwatsu, da jimlar karat ɗin duwatsun, da ko na ƙasa ne ko na haɗi, da nawa zai karɓa in an dawo masa da kayan.